Yaƙin Takarda ta Tamanin da Bakwai

Ku kasa kunne, ya ku ma'abota alƙalami da masu saɓa jakar takardu, ku ji ƙissar Malam Tanimu ɗan Ilu, ɗan Gambo Mai-Sikeli, ɗan Bawa Ma'auni, zuriyar da tun zamanin awon gyaɗa ba a taɓa jin ƙwaya ɗaya ta yi ciwon kai a hannunsu ba. Shi Gambo, masu tarihi sun ruwaito cewa ya taɓa bin wani manomi har ƙauyensu a ƙasa, tafiyar wuni guda, domin ya mayar masa da gyaɗa uku da suka maƙale a kusurwar buhu. Daga wannan tsatso mai daraja Tanimu ya fito, sadaukin sashen nazarin kasuwanci, barden ɗakin karatu, gagarau mai fayil uku, dodon ma'aikatan asibiti, wanda in an hango rigarsa daga bakin ƙofa nas-nas kan tuna suna da aiki a bayan labule.

Shekara shida ke nan cur wannan bawan Allah yana fafatawa da digiri na biyu. Abokan da suka shiga tare da shi sun gama, sun yi aure, 'ya'yansu har sun fara gaishe shi. Maudu'in bincikensa kuwa, wanda tsawonsa ya hana shi zama a layi ɗaya, shi ne tasirin biyan kuɗi ta waya ga tafiyar da asibitoci. Domin haka ya buga takardun tambayoyi ɗari da ashirin, ya sa wa kowace lamba, ya raba wa ma'aikatan babban asibitin garin, sannan ya kwashe wata huɗu yana binsu da gaisuwa da murmushi har suka fara dawo masa da su don su huta. Ana nan sai umarni ya fito daga malaminsa mai duba aikin, Farfesa Lurwanu, cewa ran Alhamis kafin sha biyun rana ya kawo takardun da babi na huɗu a sa hannu. Wanda ya wuce wannan sa'a, sunansa ba zai shiga jerin masu kare bincike na bana ba, sai kuma baɗi in da rai.

Ran Laraba da la'asar sadaukin ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar sashe, ya jera rundunarsa, ya ƙirga. Ɗari da goma sha tara. Ya lashi yatsa ya sake ƙirgawa daga ƙasa, ya kuma ƙirga daga tsakiya, lissafi ya ƙi canzawa. Lamba ta tamanin da bakwai ba ta cikin sahu. Ya ɗora hannu a ka, domin a aƙidar gidansu mudun da ya rasa ƙwaya ɗaya bai cika ba.

A daidai nan Nafi'u ya iso, abokin karatunsa, mutumin da ya shahara a duk faɗin tsangayar saboda biro kala uku da yake yawo da su a aljihu. A gindin wannan darbejiya Nafi'u ya cike takardun nasa binciken baki ɗaya cikin wuni biyu, yana sauya biro, yana sauya hannu, wani lokaci har yakan sauya zama domin ra'ayi ya bambanta.

Ya ce, "Haba mutumina, a kan takarda ɗaya kake wannan zufa? Miƙo farar guda in cike maka da hagu. Wa kake so ya zama, likita ko mai shara?"

Tanimu ya miƙe tsaye har fayil ya zame daga cinyarsa, ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Jikan Gambo ba ya ɗora yatsa a kan sikeli!"

Nafi'u ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya mayar da biro ɗinsa aljihu ya nufi wajen mai shayi.

Littafin da Tanimu yake rubuta sunayen waɗanda ya ba takarda ya nuna cewa tamanin da bakwai tana hannun Malam Sidi na ɗakin kati. Saboda haka da gari ya waye ran Alhamis, ranar da tarihi ba zai manta da ita ba ko da ya so, gwarzon ya yi ɗamara, ya soke biro biyu a aljihun gaba, ya rataya jakar da ke ɗauke da babi biyar na rayuwarsa, ya fuskanci tsohon babur ɗinsa mai suna Ƙi-Tashi. Sau goma sha ɗaya ya doka masa ƙafa, maƙwabta na leƙe ta katanga, kafin dabbar ta yi tari, ta yi atishawa, ta saki hayaƙin da ya kori kajin unguwa. Ya hau yana kirari, "Sai ni na Ilu, mai mayar da ɓatacciya gida!"

Ganuwa ta farko ita ce layin karɓar kati. Tun da duniya take ba a taɓa isa tagar Malam Sidi ba sai ta kan benci, kuma bencin nan ya cika maƙil da dattawa masu sanda da mata masu goyo, dakaru ne da suka ga jiya suka ga yau a fagen jira. Tanimu ya yi yunƙurin bi ta gefe yana ɗaga fayil, yana cewa shi ɗalibin bincike ne. Wata tsohuwa ta gitta masa sanda a ƙwauri.

Ta ce, "Ɗan nan, mu ma binciken muka zo a yi mana. Koma baya."

Ya koma, domin jarumi na gari ya san lokacin ja da baya. Ya zauna a wutsiyar benci, yana matsawa taku ɗaya duk bayan minti goma, agogon bango kuwa yana cin lokacinsa ba tausayi.

Ganuwa ta biyu ita ce Sista Lantana, sarauniyar farfajiya, wadda dokarta ita ce duk wanda ya ɗora mazaunansa a bencin nan sai an auna jininsa. Bai ankara ba ta naɗe masa damtse, ta matsa roba, ta dubi allura, ta dube shi.

Ta ce, "Malam, jininka ya hau. Me ke damunka?"

Ya ce, "Takarda ɗaya, Sista."

Ta ce, "Haka kowa ke faɗi. A ba shi gado."

Nan fa aka yi artabu wanda 'yan benci ke ba da labarinsa har gobe. Ya rantse, ya roƙa, ya fito da katin makaranta, ya karanta mata taken bincikensa tun daga farko har ƙarshe ba tare da ya ja numfashi ba. Da ta ga mai iya wannan ba ya kusa da suma, sai ta sake shi bisa sharaɗin ya rage gishiri.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata ya iso taga. Ga Malam Sidi a zaune, sarkin kati, mai hatimi da tawada, a bayan wani tebur da ke ɗauke da katunan marasa lafiya na shekara ashirin, tsibi a kan tsibi har suna gaisawa da fanka. Tanimu ya gaishe shi gaisuwa ta girma, ya tambayi gida da iyali da gajiya, sannan ya ambaci takardar.

Malam Sidi ya ce, "Af, takardarka? Ai tana aiki."

Ya nuna ƙasa da haɓa. Tanimu ya leƙa, sai ga tamanin da bakwai, 'yar sarauta a cikin takardu, an ninke ta gida takwas an cusa a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar tebur. Wata huɗu tana ɗauke da nauyin asibiti ita kaɗai. Tausayinta ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa.

Malam Sidi ya ce, "In ka zare ta katunan nan za su rufto mana. Sai dai ka kawo mai kaurinta."

Aka buɗe masa ƙofa ya shiga ya durƙusa. Ya gwada marfin kwalba, ya yi kaɗan. Ya gwada hularsa, ta yi laushi. Sai ya zuge jaka, ya dubi aikinsa na shekara shida, ya yi shawarar da sai manyan sarakunan yaƙi ke iya yin irinta, wato a sadaukar da wasu domin a ceci wata. Ya cizge shafi uku daga babi na biyu, babin da ake jero maganganun magabata, wanda ba a taɓa samun mahaluƙin da ya karanta shi ba. Ya ninke su, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin tebur, ya yi kururuwa, "Gambo, ga jikanka!" Tebur ya ɗaga, tsibin katuna ya yi rangaji hagu, ya yi dama, 'yan layi suka ɗauke numfashi, fanka ta tsinke kati biyu ta watsa su waje. Da hannu ɗaya ya zare fursunar, da ɗayan ya tura 'yan fansa, ya sauke tebur ya zauna daram.

Ya warware ta a hankali. Fara ce fat, ko ɗigon biro babu.

Wani ƙaramin jarumi da a nan zai faɗi. Tanimu kuwa ya zaro biro ya miƙa da hannu biyu ya ce, "Malam Sidi, don girman iyayenka." Layi ya ɗauki guna-guni, tsohuwar nan tana buga sanda a ƙasa. Malam Sidi ya yi tsaki, ya karɓa, ya dubi tambayoyi ashirin da biyar da gidajen amsa biyar-biyar, ya zaɓi gidan tsakiya inda aka rubuta “ban sani ba”, ya ja layi ɗaya tun daga sama har ƙasa. Tanimu ya karɓa yana murna kamar an yi masa albishir da ɗa namiji, domin rashin sanin nan na gaskiya ne, daga hannun mai shi ya fito.

Ba za mu tsawaita a kan komawa ba, yadda Ƙi-Tashi ya cika sunansa a bakin asibiti, da yadda mahayi ya koma abin hawa ya tura shi har hawan ƙofar jami'a, riga ta jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya ya tsinke. Abin da ya tabbata shi ne, sha biyu saura minti huɗu ya yi sallama a ofishin Farfesa Lurwanu, ya dire ɗaurin takardu a kan tebur, tamanin da bakwai a sama da tabon ƙasa da zanen ninki a jikinta.

Farfesa ya buɗe babi-babi yana gyaɗa kai, ya wuce babi na biyu bai ji an taɓa komai ba. Da ya zo babi na huɗu ya tsaya.

Ya ce, "Nawa ka raba?"

"Ɗari da ashirin, ranka ya daɗe."

"Nawa suka dawo?"

Tanimu ya gyara tsayuwa, ya ji mahaifinsa da kakanninsa biyu sun jeru a bayansa. Ya ce, "Ɗari da ashirin, ranka ya daɗe. Ko ɗaya ba ta kwana a waje ba."

Farfesa ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Tanimu, shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin takardu sun dawo duka ba sai in a gindin darbejiya aka cike su. Mai jarrabawa na waje yana ganin wannan zai ce ƙirƙira ka yi, ni ma ka ja mini magana. Dubi Nafi'u, tara ya rubuta sun ɓata. Kana gani ka san yaro ya shiga fili ya sha wuya."

Tanimu ya dubi tamanin da bakwai a saman ɗauri, ya dubi Farfesa.

Farfesa ya ce, "Cire ko guda ɗaya ce, ka gyara lissafin ya zama ɗari da goma sha tara. Kawo in sa maka hannu, lokaci na tafiya."

Ya ɗora alƙalami zai rattaba, sai teburin ya yi ɗingishi, tawada ta kauce. Farfesa ya yi tsaki, ya ce shekara biyu ke nan yana kai ƙarar teburin nan. Ya duba hagu, ya duba dama, idonsa ya sauka a kan takardar da ke saman ɗauri.

Ya ce, "Yawwa, wannan ma da ninkinta ta zo."

Ya mayar da ita gida takwas a kan tsohon zanenta, ya miƙa wa jikan Gambo ya ce, "Ɗan ɗaga mini nan."

Tanimu ya durƙusa, ya sa kafaɗa, ya ɗaga. Tebur ya zauna daram, Farfesa ya sa hannu, agogo ya buga sha biyu.