Ranar da Na Tono Gangar Kakana

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata a Kebbe ba, ko da kuwa na so in manta. A wurin na rasa budurwata Hafsatu, kuma da hannuna na yi wa kaina.

Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, kaina ya cika fal da tarihin baƙar fata. A waya na ci karo da kiɗan mutanen Dominika, wata ƙasa can ƙetaren teku, inda jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ke dukan wasu dogayen ganguna suna rawa. Kiɗan ya shiga jikina. Duk wanda na tare sai na yi masa lacca cewa wannan gadonmu ne (har mai shayin bakin tasha bai tsira ba).

Ana cikin haka na kai maganar aurena gidan su Hafsatu a Tambuwal, gidan malamai da ba sa wasa da asali. Suka turo baffanta bikin, wai taya murna, amma kowa ya san bincike ya zo yi. Aka shimfiɗa masa darduma kusa da kakana, Alhaji, wanda duk garin ya sani da fataucin hatsi.

Maimakon in zauna in yi ladabi, sai na ga dama ta samu ta nuna ilimi. Na karɓe waya daga hannun mai sauti, na jona tawa, na ce jama'a su saurari gadonsu. Har da taka rawa na yi, ina karkaɗa kafaɗu cikin babbar rigar aro.

Ban ankara ba sai na ji wani kiɗa yana amsa nawa daga baya. Alhaji ne. Ya kifa bokitin roba tsakanin ƙafafunsa yana duka, idonsa a rufe, hawaye na bin gemunsa. Can ya ɗaga murya ya hau kirarin manoma, irin wanda ake yi a gonar gayya. Tsofaffin wurin suka fara amsawa, wata gyatuma ta rangaɗa guɗa tana cewa, "Sarkin ganga ya dawo!"

Baffan Hafsatu ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ashe gidan makaɗa na," ya ce a hankali. Ko fura bai tsaya sha ba. Kafin mako ya zagayo an dawo mana da kayanmu na neman aure.

Da na je wurin Alhaji ina huci, bai ɗago kai ba. "Tun ubanka na goye nir rufe gangag ga cikin rumbu, don ɗiyana su samu mata gidan da sunka so," ya ce. "Ina kas samo wanga kiɗi?"

Na ce daga ƙetaren teku.

"To, su can ba su jin kunya tai?"

Na juya na fita. Yau Hafsatu tana ɗakin wani a Jabo. Gangar tana nan cikin rumbu, gara ta cinye fatar, ni kuma ko riƙe ta ban iya ba. Alhaji ya rasu bara, ban taɓa roƙonsa ya sake kaɗa mini ba, saboda ina fushi.

Yanzu idan na ji wani ɗan boko yana cika baki da gado, shawara ɗaya nake ba shi. Kafin ka kunna wa duniya, fara leƙa rumbun gidanku, kuma kada ka yi a gaban surukai.