Wayar da Aka Bar wa Nomau

Duk wanda ya san Kwarin Gawo ya san gidan Inna Dije, nan bayan masallaci, mai ƙofar langa-langa da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Mutum biyu ne a ciki, ita da babban ɗanta Nomau. Ni Asabe sunana, 'yar ƙanin Inna ce, wato taubashiyar Nomau, kuma aure bai kai ni nesa ba, lungu ɗaya ne tsakaninmu. Saboda haka abin da zan faɗa muku ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. Nomau ya haura arba'in, ƙato ne, shi kaɗai yake nome gonar gidan, amma kansa a miƙe yake kamar taɓarya. Abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Yana da ƙane, Safiyanu, malami a wata kwaleji a Zariya, wanda mutane ke cewa shi ya kwashe basirar gidan. Inna kuwa ƙafa ta ƙi, ido ya fara ja da baya, abu ɗaya ya rage take roƙon Allah a kai: Safiyanu ya zo ya kwana biyu a gabanta kafin ta mutu. Ba wani abu nasa take so ba, fuskarsa kawai.

Wata rana Safiyanu ya zo, bayan shekara biyu cur ba a gan shi ba. Da hantsi ya iso, tun kafin ya zauna ya ce la'asar a hanya za ta same shi. Ya hakimce kan kujera yana ba mu labarin ƙungiyarsu ta masu kallon finafinan Japan da Koriya, yadda kowace Asabar bayan la'asar suke taruwa a falonsa, a saki labule, a haska fim a jikin bango. "Mutanen nan sun san darajar iyaye," in ji shi. "Akwai wanda na kalla sau tara, wallahi kowane karo sai na yi hawaye." Yana wannan zance, Inna na riƙe da ƙwaryar furar da ta dama masa da hannunta, har ta gaji ta ajiye, bai ko duba ba. Nomau ne ya shigo daga gona ya ɗauka ya shanye, yana zuƙa da ƙara. Safiyanu ya yamutsa fuska, ya zaro wata tsohuwar waya daga jaka.

"Yaya, riƙe wannan. Finafinai ne a ciki. Ka riƙa kallo, abin da ka ga suna yi ka yi, ko Allah ya sa ka waye."

"To, Malam," in ji Nomau. Shi ne babba, amma Malam yake ce wa ƙaninsa.

Washegari aka nemi Nomau a gona aka rasa, ga ciyawa ta ci gero. Sai azahar na tarar da shi a bakin rafi, tsaye ƙiƙam, hannu a baya, yana kallon ruwa.

"Kai taubashi, me ka jefa a ciki?"

"Ba komai. Haka wani tsoho ya tsaya a fim ɗin, can sai kiɗa ya tashi. Ni tun safe nake nan bai tashi ba."

Wata rana kuma ya lura cewa mutanen cikin wayar ba sa durƙusawa in za su gaida babba. Tsayawa suke yi, su manne hannu da cinya, su karya ƙugu su sunkuya. Nomau ba ya jin yarensu, rubutun Turancin da ke gudu a ƙasa kuwa ko oho, saboda haka jikinsu kawai yake kallo, kuma ba abin da ke wuce masa. Ya je ƙofar masallaci kafin azahar, ya iske Liman a tsaye yana gyara rawani, ya tsaya gefensa ya sunkuya ya ƙi ɗagowa, don a fim ɗin sai babban ya ɗan sunkuya shi ma tukuna. Baba Jatau, wanda kunnensa ya daɗe da tafiya, ya hango su daga nesa, ya ɗauka an tayar da salla a waje har an kai ruku'u. Ya yar da sandarsa ya sheƙo da gudu, ya yi tuntuɓe da butoci, ya faɗi ya gurɗe ƙafa. Sati biyu jikokinsa na zuwa ƙofar gida suna zagin Nomau. Inna ta sa aka kira mata Safiyanu a waya don ta ba shi labari, ko dariyar ta jawo shi gida. Dariyar kam ya yi, har ya ce a maimaita don abokansa su ji, sannan ya ce yana da aji, ya kashe.

Wata rana Nomau ya ga matan Koriya sun yi da'ira suna cuɗa kabeji da jan barkono, suna dannawa a tulu, suna binne tulun a ƙasa, can gaba kuma ya ga wata tsohuwa ta ci tana lumshe ido. Ya ce lallai wannan ne abincin da zai dawo wa Inna da ƙarfi. Ya je lambu ya ɗauko kabeji, ya kwashe barkonon Inna da gishirinta da tafarnuwa, ya cika tulu, ya ɗaure bakin da jan ƙyalle, don shi ya samu. Sai ya haƙa rami a gindin katangar da ta raba su da Lantana mai ƙuli-ƙuli, ya binne. Lantana kuwa tana kan turmi tana shanya, idonta a kansa, kuma wata biyu ke nan cinikinta ya tsaya cak. Sai da ta yi kwana goma tana bin gidaje tana yaɗa cewa asiri aka binne mata, sannan ta zo da mai unguwa da wani malami da rabin garin, ana ta salati. Aka tono tulu da jan ƙyallensa. Malam ya tofa addu'a ya buɗe, warin da ya fito sai da ya mayar da na gaba baya.

"Me wannan?" in ji mai unguwa, hannu a hanci.

"Abinci ne," in ji Nomau. "Bai nuna ba kuka tono."

Wa zai yarda? Kowa ya san Nomau ba ya ƙirƙirar abu da kansa, sai an sa shi. Sai magana ta koma kan Inna, wai tsohuwa ce ta aike shi ya binne wa maƙwabciya asiri. Matar da ta yi shekara saba'in ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ita aka wayi gari mata na tsallake ƙofarta ba sallama. Wannan ya ci ta fiye da ciwon ƙafa. Daga ranar ta rage cin abinci, ni kuma har gobe ban yafe wa Lantana ba.

Wata rana jikin Inna ya tashi sosai, zazzaɓi da tari, Nomau ya kira ƙaninsa. Ashe Asabar ce, ana tsakiyar kallo. Ina gefe, na ji muryar Safiyanu tana fitowa a ƙufule.

"Yaya, kai kullum ƙorafi! Ba ka ga mutanen cikin finafinan nan ba? Abu na cin su amma shiru suke yi, shirun nan shi ne kyawun abin. Ka koyi shiru mana."

Nomau ya koya. Na turo malamin asibiti ya duba Inna, ni kuma na tafi suna a ƙauyen mijina. Malamin ya tambayi Nomau yaushe ciwon ya fara, me ta ci, ko tana yin amai. Nomau ya zauna ya naɗe ƙafa, ya kalli ƙasa, ya kalli bango, ya yi ajiyar zuciya. Inna ba ta da ƙarfin magana. Mutumin ya gaji ya bar maganin zazzaɓi ya tafi. Bayan kwana uku na dawo na tarar da ita kamar tsumma, ƙirjinta na ƙara. Na kama rigar Nomau ina jijjiga shi ina kuka, ina cewa don Allah ya buɗe baki. Hawaye na zubo masa, amma bakin a rufe. Sai da na kira Safiyanu da kaina na ce ya janye maganarsa ko in tsine masa a madadin uwarsa, ya ce, "Kai, Yaya, yi magana mana," sannan Nomau ya fashe da bayani tun daga ranar farko, bai tsallake ko tari ɗaya ba.

Inna ta ɗan farfaɗo, amma kowa ya ga tafiya ce ta matso. Kullum da safe sai ta sa a fito da ita zaure, a jingina ta da bango, fuskarta na kallon ƙofa.

Wata rana Safiyanu da kansa ya kira, abin da bai taɓa yi ba. Zuciyata ta yi sanyi, na ce ga shi nan tafe. Ina! Wayarsa yake so. Wai akwai wani tsohon fim na Japan a ciki, ya neme shi ko'ina ya rasa, ga shi ya gayyato manyan baƙi ranar Asabar. Ya ce Nomau ya hau mota ya kai masa.

"Malam, Inna na ta tambayarka," in ji Nomau. "Ka ce kana awa uku kana kallon tsofaffin cikin wayar nan. Ita ma tsohuwa ce."

"To ka sa ta a fim mana, sai in kalle ta!" in ji Safiyanu, ya kashe.

Nomau ya juyo gare ni. "Asabe, yaya ake sa mutum a ciki?"

Na san gatse ne, amma raina a ɓace yake, na nuna masa inda ake dannawa. Wayar ta ce ta cika, babu wuri. Na ce masa sai an cire wasu abubuwan tukuna.

"Cire duka," in ji shi. "Inna na bukatar wuri."

Allah ya gani, na tambaye shi sau biyu. Sau biyu kawai. Sannan na goge finafinan tas.

Ya jingina wayar da dutse tana fuskantar Inna a ƙasan zaure, ƙasa-ƙasa, don ya ce haka suke yi, ba sa yawo da ita. Ya danna, ya tafi ba awaki dusa ya manta, sai da wayar ta ƙara cika ta tsaya don kanta.

Ranar Asabar ya tafi Zariya, ni na zauna da Inna. Abin da ya faru can Ramlatu matar Safiyanu ce ta ba ni labari. Motar Nomau ta makara, ya iso falo a cike, an saki labule, Safiyanu ya riga ya yi wa baƙi dogon bayani kan fim ɗin da za su gani. Ya fizge wayar ya jona ta da na'urar haska fim ba tare da ya duba ba, ya danna abu ɗayan da ke ciki. Sai ga Inna a bango, girmanta ya kai rufi. Tana zaune a kan tsohuwar tabarma, ƙuda na sauka a hannunta ba ta kora. Ba kiɗa, ba magana. Babur ya wuce a waje, ta ɗago kai ta gyara ɗankwali, ƙarar ta yi nisa, ta mayar da kai. Wani ya sake wucewa, ta sake ɗagowa. Baƙi suka ɗauka wani abu ne Malam ya shirya musu kafin babban fim, suka yi tsit. Safiyanu ya miƙa hannu zai cire, daidai nan wata mota ta tsaya a ƙofar zauren, Inna ta dafa bango tana ƙoƙarin tashi, ta ce, "Safiyanu?" Aka ji muryar mai motar yana tambayar hanyar kasuwa. Ta zame ta koma zaune a hankali.

Minti arba'in aka yi a haka. Da ya ƙare, wani dattijon malami ya cire tabarau yana share ido.

"Kai, wannan aiki ne! Wa ya ɗauka? Kuma wane marar imani ne take jira haka?"

Ba wanda ya amsa sai Nomau, da ke tsugune bakin ƙofa. Tambaya aka yi, shi kuwa an riga an ce masa ya riƙa magana.

"Ni na ɗauka. Malam take jira, ga shi nan. Shi ya ce in sa ta a fim sai ya kalle ta."

Ramlatu ta ce baƙin nan ɗaya bayan ɗaya suka nemi takalmansu.

Washegari da hantsi Safiyanu ya ɗaga ƙofar langa-langa ya shigo. Inna ta shafa fuskarsa da tafukanta biyu, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce, "Ka rame. Ka ci abinci?" Kwana huɗu ya yi a gabanta, a na biyar ta cika.

A wurin zaman makoki kowa Safiyanu yake yabo, ɗa nagari, ya bar aikinsa ya zo jinyar uwa. Nomau kuma aka ce ya je ya jido ruwan alwala, ya tafi. Na ciji leɓe har sai da na ji jini. Ranar addu'ar uku mutane suka nemi hoton marigayiya, aka birkice akwatinta, aka tambayi dangi, babu ko ɗaya. Tsawon shekarun nan, mai son kallon nan bai taɓa ɗaukar uwarsa hoto ba. Abin da ya rage masa na Inna a duniya shi ne minti arba'in ɗin nan, tana kallon ƙofa tana jiransa. Ramlatu ta ce har yau yana kulle ɗaki ya kunna shi kaɗai, kuma bai taɓa iya kai shi ƙarshe ba.