Jarkar Yanbu da Jarkar Inna

Akwai wata Asabar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da yake shekaru sun ja, mai yiwuwa na cakuɗa wasu abubuwan. Ina jin farkon shekarun tamanin ne. Na gama jami'a, an ɗauke ni gwaji a matsayin malamin kimiyya a wata makarantar maza da ke unguwar Aƙiƙ a Madina, aka ce mufattishi, wato mai duba aikin malamai, zai zo ya ga darasina kafin a tabbatar da ni. Mako biyu na yi abinci ba ya shiga.

Sai na yanke shawarar nuna wa ɗalibai ƙananan halittun nan da ke yawo a ruwan teku, waɗanda ido ba ya gani sosai. Madina ba teku, don haka ranar Juma'a na nufi Yanbu da ke bakin teku. Ragar kama su ni na haɗa ta: zoben waya, safar nailan ta ƙanwata (ban tambaye ta ba, Allah ya yafe mini), da kwalbar zuma a ɗaure a gindin. Na yi ta jan ta a ruwa, masunta suna kallona kamar mai taɓin hankali. Da na ɗaga kwalbar a rana, sai ga ɗige-ɗige suna tsalle. Na juye a farar jarka da na aro wurin Inna, na dawo unguwarmu Jurf, na saka a talaja, wato firiji, don kada zafi ya kashe su.

Abin da ban lura da shi ba, Inna ma tana da jarka a talajar, iri ɗaya sak, cike da Zamzam da take sanyaya wa baƙi. Ga Kawu Sale, ƙanenta, ya zo ziyara daga Damagaram.

Da safe na duba alli sau uku, na duba madubin ƙara girma sau huɗu. Jarka kuwa ɗauka kawai na yi.

A aji na yi bayani har da zane a allo. Na ɗiga ruwa a gilashi, na ce wa mufattishi, "Tafaddal, ustaz." Ya leƙa, ya daɗe.

"Ina suke?"

"Wataƙila sun ɗan kwanta ne," in ji ni (har yau ina jin kunyar wannan magana).

Ɗigo na biyu, ba komai. Na biyar, ba komai. Sai ya tsiyaya kaɗan a tafin hannu, ya ɗanɗana, ya dube ni. Ya nemi kofi, ya fuskanci alƙibla, ya yi bismilla, ya sha. Ajin ya fashe da dariya.

"Jazakallahu khairan," ya ce. "Asabar mai zuwa ka kawo mana tekun."

A lokacin ne na tuna da ɗaya jarkar. Na iso gida a guje, na tarar da Kawu zaune, idanunsa sun yi ja.

"Yaya," yake ce wa Inna, "na bana ya ɗan yi kaifi."

Bai tofar ba, don a ganinsa ba a tofar da Zamzam. Inna ta juyo gare ni. "Kai ɗan boko, me ka ba ƙanena?"

Alhamdu lillahi ba abin da ya same shi. Na koma Yanbu, ɗalibai suka ga halittun suna wutsil-wutsil, suka yi ta kabbara, aka tabbatar da ni. Shekara talatin na yi a aikin, cikin rufin asiri. Na dai koyi cewa mai yawan tsoro yakan duba komai sau huɗu, ban da abin da zai kayar da shi. Yanzu ko tulun gidana da rubutu a jikinsa.

Waɗanda suka shaida, don Allah ku aiko da gyara. Inna ta ce kurɓa uku Kawu ya yi. Shi kuwa har ya rasu yana cewa ya shanye kofin, ya nemi ƙari.