Gaisuwar Dattijuwa

A Funtuwa akwai wani tsohon malamin makaranta, Malam Hambali, wanda tun yana saurayi yake kwaɗayin wata irin mota mai zagayayyun fitilu da dogon hanci, irin wadda manyan ma'aikata ke hawa a da. Bai samu hali ba sai da ya yi ritaya. Ya je ya tsinto guda a bayan gidan wani marigayi, kaji sun mai da kujerar bayanta akurki. Ya biya, aka jawo masa ita da igiya. Shekara guda cur yana zarya tsakanin bakanike da mai fenti da mai ɗinkin kujera, har ta fito fes, koriya shar, bambarta na ƙyalli. Ya raɗa mata suna Dattijuwa. Kullum da hantsi zai fito da bokiti ya wanke ta, ya goge, ya ja da baya yana kallonta yana murmushi shi kaɗai. Gaskiya idan ta hau titi tana tafiyar ƙasaita, kai ma sai ka waiwaya.

Aibinta ɗaya ne: ba ta tashi da makulli. Abin da ke tayar da injin ya mutu tun zamanin mai ita na farko, an kewaye Panteka, kasuwar kayan gyara, kaf ba a samu irinsa ba. Sai dai turi. Malam Hambali kuwa bai yarda a kira shi turi ba.

"Gaisuwa ce," in ji shi. "Ina kuka taɓa ganin dattijuwa ta miƙe ba a gaishe ta ba?"

Don haka ya haddace duk wani gangare na garin. Ba ya sayen nama sai wurin mahaucin da ke kan tudu. Abokan da gidajensu ke shimfiɗaɗɗen wuri kuwa, da ya ce zai tafi, sai ka ji wannan ya tuna bai yi alwala ba, wancan ƙafarsa ta riƙe. Rakiyar Malam Hambali ba a yin ta sai da gumi.

Babban mai sa shi a gaba shi ne taubashinsa, Alhaji Lawandi, ɗan gwaggonsa. Shi motarsa 'yar Kwatano ce, amma kar ka kuskura ka faɗa a gabansa, sabuwa dal yake ce mata. Irin mai canja giya da kanta ce, ko makulli ba a murɗawa, maɓalli ake dannawa. Duk inda suka haɗu sai ya ɗaga tafin hannunsa ya nuna wa jama'a.

"Ku shaida, hannun nan bai taɓa bayan akwalar Hambali ba, kuma ba zai taɓa ba har abada."

Ana nan sai Mujittafa, ɗan yayan Malam Hambali, ya ga yarinya a Bakori, magana ta kai ga manya. Malam Hambali ne baffa, shi zai jagoranci neman auren, Alhaji Lawandi ya rufa masa baya. Ana gobe tafiya yaron ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baffa, don Allah ku tafi a motar Kawu Lawandi. Mutanen nan masu mutunci ne. Na duba layinsu, ko ruwa aka zubar ba ya gangarawa."

"To sai me?"

"Za su rako ku, Baffa. In aka ce surukai sun yi turi ranar farko, ina zan sa kaina?"

Maganar ta sosa wa Malam Hambali rai ƙwarai, don yana son yaron kamar shi ya haife shi. Amma a ce ranar fita kunya irin wannan a bar Dattijuwa a gida kamar wata abin ɓoyewa? Ya ce wa yaron ya je ya kwantar da hankalinsa, yana da dabara.

Dabarar ita ce, da suka isa Bakori ya wuce ƙofar gidan, ya yi can ƙarshen layi bayan wani shagon tela, ya ajiye ta inda ba a hangowa, ya dawo a ƙafa. Nufinsa in an yi sallama ya sulale, ya nemi majiya ƙarfi a hanya. Shi kuwa Alhaji Lawandi a bakin ƙofa ya kafe tasa, ya bar fitilunta a kunne da rana tsaka, wai ado ne, 'yan unguwa su san manya sun zo.

Baffan yarinyar, Alhaji Dikko, dattijo ne mai fara'a da son hira. Aka gaisa, aka gabatar da buƙata, aka ba su. Aka ci tuwo, aka yi azahar, hira ta ɓarke har aka yi la'asar. Da suka miƙe, Malam Hambali ya yi ta "A koma haka, an gode, a huta," amma ina. Alhaji Dikko ya rantse sai ya ga shigarsa mota. Shi da ƙannensa suka biyo shi taku bayan taku har bayan shagon tela, Alhaji Lawandi na biye yana ƙunshe dariya, ya ƙi tafiya don kar kallo ya wuce shi. Malam Hambali kuwa sai tuna fuskar Mujittafa yake.

Alhaji Dikko na yin ido biyu da motar ya tsaya cak.

"Ikon Allah! Malam, ashe akwai sauran irin waɗannan a duniya? A irinta na koyi tuƙi!" Ya kewaye ta, ya shafa fitila, ya leƙa ciki. "Da makulli take tashi, ko sai an taimaka?"

Malam Hambali ya sunkuyar da kai. "Sai an ɗan gaishe ta, Alhaji."

"Haka tamu take!" Dattijon ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya daka wa ƙannensa tsawa. "Ku me kuke jira? Malam, sa ta a giya ta biyu!"

Suka tura suna dariya kamar yara. Dattijuwa ta yi tari sau ɗaya, ta ɗauka. Alhaji Dikko na haki yana cewa duk gidan da ke riƙe tsohuwar mota haka, ba za su wulaƙanta 'yar mutane ba. Malam Hambali ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka.

Ya juyo da ita a hankali zuwa ƙofar gidan, ya tarar Alhaji Lawandi ya riga ya shige tasa, yana ta danna maɓalli. Shiru. Fitilun ado sun shanye batir tas. Su Alhaji Dikko, da yake jiki ya riga ya yi zafi, suka nufo ta.

"Alhaji, sa giya mu taɓa maka."

"Ai... irin wannan ba ta tashi da turi," in ji Lawandi, murya ciki-ciki.

Ya fito yana share gumi, ya rufe ta, ya lallaɓo wajen tagar Dattijuwa.

"Hambali, rage min hanya zuwa Funtuwa in ɗauko bakanike."

Malam Hambali ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi tafin hannun nan da aka sha nuna wa jama'a. Sai ya miƙa hannu ya murɗe makulli, injin ya mutu.

"Surukanmu ma da suke baƙi a wurinta sun gaishe ta, balle kai ɗan gida. Zagaya baya."