Ranar da Na Tsayar da Rakiyar Baba Bulus

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na tsawata wa ma'aikatan jarida guda ba, ni da ko a layin bas na Oxford Road aka taka min ƙafa, ni ce ke cewa a yi haƙuri.

Ina shekara ta biyu a jami'a a Manchester lokacin, ina karanta aikin jarida, kuma dole kowa ya yi sati huɗu yana koyon aiki a wata jarida. Na rubuta wasiƙun neman wuri guda goma sha ɗaya, na gyara kowacce sau uku, ban aika ko ɗaya ba. Babana ne ya cece ni. Ya kira abokinsa da suka yi sakandare tare a Jos, Baba Bulus, wanda ya haura shekara ashirin yana gyaran labarai a wata jaridar gari a Birmingham. Na koma gidan ƙanwar mamana a unguwar Small Heath, can Birmingham, kullum in hau bas zuwa tsakiyar gari.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Jaridar na ba da labarin ƙaramar hukuma ta rufe laburare nan, ta sallami ma'aikata can, ita ma kuma ana ta rage nata mutanen. Rabin teburan ofishin babu kowa. Wani tebur har da kofin mai shi, ba wanda ya iya ɗagawa. In ƙofar gilashin edita ta buɗe, sai kowa ya ƙura wa kwamfutarsa ido kamar bai ji ba, don ba a san sunan wa za a kira ba. Shila, mai rubuta labarin wasanni, ta ce min ta daina kawo tukunyar fulawa ofis, tunda ba ta san wace za ta riga barin wurin ba, ita ko fulawar.

A cikin wannan sanyin jiki, Baba Bulus aikinsa kawai yake yi. Ban taɓa ganin mutum na karatu kamar shi ba. Zai ɗauki labari mai tsawo, ya bi shi da jan biro, ya rage rabinsa, ka karanta ka rasa me aka cire. Ya san kowane titi daga Erdington, inda yake zaune, har ƙarshen gari. Na taɓa jin ya kira wata tsohuwa a waya don kawai ya tabbatar da shekarun mijinta da ya rasu. Ni dai kallonsa nake yi (har yadda yake riƙe biro na kwaikwaya, a ɓoye).

A Juma'ar sati na uku ya ajiye min shafin sanarwar rasuwa a gabana, tare da takardun da iyalai suka cike. Ya ce wannan ne shafin da mutane ke yankewa su adana, kuskure ɗaya a ciki wani gida zai riƙe shi har abada. Ya ce ƙarfe huɗu shafin zai tafi gidan bugu, kuma karo na farko ke nan da ya bar wa ɗan koyo shi.

"Kar ki ɗaga kai, 'yata," in ji shi. "Ko ni na kira ki, kar ki amsa."

Teburina yana bayan wani ginshiƙi, fuskata na kallon bango. Na sa rula ƙarƙashin layi na farko na fara bi, suna bayan suna.

Wajen uku da rabi na ji wani na buga tebur. Na ɗauka masu gyaran gini ne. Sai na biyu ya shiga, sai na uku, kafin ka ce me ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, wani da kofi, wani da tafin hannu, wani da durowa. Na ɓata layina. Na koma baya, na sake ɓatawa. Na duba agogo. A raina na ce, manyan mutane, ana sallamar 'yan uwansu, su kuma wasa suke yi. Shekara ashirin ina haɗiye magana, ranar ta ƙi haɗiyuwa. Na miƙe tsaye, ban ko juya ba, na ɗaga murya da Turancin da na fi ji da shi:

"Don Allah a yi shiru. Wasu dai aiki suke yi a nan."

Aka yi shiru kuwa, tsit. (Na ɗan ji daɗi na kamar daƙiƙa biyu, ba zan ɓoye ba.) Sannan na leƙo daga bayan ginshiƙin.

Kowa a tsaye yake, hannuwa a sama, idanu a kaina. A tsakiyar ɗakin, a kan hanyar fita, Baba Bulus ne da kwat ɗinsa a jiki, rungume da kwali. Shila ta matso, fuskarta jiƙe da hawaye, ta raɗa min cewa al'adar gidan jarida ce tun zamanin da ake buga jarida da haruffan dalma: in tsohon ma'aikaci zai tafi, ana buga masa tebur har ya kai ƙofa. Yau ce ranar Baba Bulus ta ƙarshe. Kamfani ya ba shi takardar sallama, su kuma wannan kaɗai ya rage da za su iya ba shi. Ni kuma na yanke masa ita a rabi.

Da ƙasa za ta buɗe da na gode mata.

Baba Bulus ya ajiye kwalin a ƙasa. Ya tako har inda nake, a hankali, ya tambaye ni da Hausa:

"Kin gama?"

"Saura suna shida, Baba."

Ya juya ya gaya wa ɗakin cewa yarinyar tana da gaskiya, shafi bai tafi ba tukuna. Ya ja kujera, ya sa tabarau, bai ko cire kwat ba. Ya ce in karanta a fili, shi zai bi takardun iyalai. Haka na karanta sunayen mamata shida, mutane na tsaye ba wanda ya zauna, ba wanda ya yi ko tari. A suna na huɗu ya ɗora yatsa a kan takarda. Na duba. Mun sa jana'iza ranar Talata, iyalin Laraba suka rubuta. Na gyara. Huɗu saura minti biyar shafin ya tafi.

Ya miƙe ya ɗauki kwalinsa.

"To, ke kika tsayar da su," ya ce. "Ke za ki tayar."

Na ɗaga hannu na bugi tebur, wani ɗan ƙaramin sauti ya fita kamar mai neman izinin shiga. Ya ce ba haka ake yi ba, in buga kamar na ci abinci. Na sake bugawa, sai ɗakin ya ɗauka. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Tagogi na karkarwa, ƙasa na motsi ƙarƙashin takalmina. Mutanen da sati uku nake gani a sunkuye, ga su sun miƙe suna dukan katako da iya ƙarfinsu. Editan da ya miƙa masa takardar ma ya fito yana bugun ƙofarsa, idonsa ja. Baba Bulus ya bi tsakiyarsu bai yi sauri ba, bai waiwaya ba, har ƙofa ta rufe a bayansa. Ba a daina ba sai da muka hango shi ta taga ya tsallaka titi.

Da na kira shi washegari in ba da haƙuri, na tambaye shi me ya sa bai gaya min zai tafi ba. Ya yi dariya ya ce da ya gaya min, da kuka zan yi a kan shafin, kuma jiƙaƙƙiyar takarda ba ta karantuwa.

Har yau ni mai shiru-shiru ce, kuma har yau ba na son hayaniya in ina aiki. Sai dai yanzu, kafin in hana mutane surutu, nakan juya kujerata in ga wa ake rakawa.