Kilo Tara na Ragon Yaya Munzali

Ranar Talata, takwas ga Afrilu, 2025, Mubi ta wayi gari da zafin da ko kaza ba ta yarda ta bar inuwa ba. Ƙarfe bakwai na safe, kwanon ɗaki har ya fara ƙara.

Wani ne a Sahuda, nan kusa da Mubi, ɗan acaɓa, ya tsuguna gaban rago yana lallashi. Ragon na wansa ne, Munzali, soja a Kaduna. Shi ya aiko da shi, farin Balami, a kiwata masa zuwa Babbar Sallah. Mashin ɗin acaɓar ma na Munzali ne, kuma ya faɗa ba da wasa ba: ranar da rago ya rame, ranar mashin zai koma Kaduna.

To, kwana uku ke nan rago sai ya shinshina dusa ya kau da kai.

Mutumin ya ɗaure shi a bayan mashin, sai wajen Margret, ma'aikaciyar dabbobi. Ta duba ido, ta duba kashi, ta danna ciki.

"Oga, lafiyanshi ƙalau. Zafi ne. In rana ya yi yawa, ciki ba ya karɓan abinci. Kuma Balami ba irin ƙananan tumaki na gida ba ne da suke cin kowane tarkace. Sa shi a inuwa. Ruwa mai sanyi. Abinci safe da yamma, kar ka canja mishi rana ɗaya. Wanda ya rage ka kwashe, kar ya yi tsami."

"Yaya zan san yana ƙiba, Madam?"

Ta kai shi kan sikelin wani mai sayen hatsi. Ya hau shi kaɗai, kilo sittin. Ya rungumi rago ya sake hawa, ɗari da goma.

"Ka cire naka. Rago hamsin ke nan. Haka za ka riƙa yi."

Ya rubuta sittin a bango da gawayi don kada ya manta.

Da ya koma gida ya duba, babu inuwar da ta kai ta ɗakin matarsa Halimat. Ya fitar mata da tabarma tsakar gida, ya shigar da rago.

"Malam, ni kuma fa?"

"Ke wa ya ce ki yi ƙiba kafin Sallah?"

Babu wuta, sai ya zauna yana yi wa rago fifita. Da la'asar ya ɗora shi a mashin su je bakin mayo, wato kogi, shan iska. Fasinja na ɗaga masa hannu, shi kuwa yana cewa, "Da mutum!"

Abinci kuwa, ya ce ragon soja ya wuce harawa. Ya sa Halimat dafa wake da kanwa, da kunun masara mai kauri, a barbaɗa ƙuliƙuli. Rago ya lasa sau biyu ya kwanta yana tuƙa. Mutumin ya tsuguna ya kai loma.

"Ka gani? Haka ake yi. Kalle ni da kyau."

Rago ya kalle shi da kyau har kwano ya ƙare. Madam ta ce a kwashe ragowa, shi kuma ba ya zubar da abincin Yaya. Safe da yamma haka.

Bayan mako shida suka hau sikeli, shi da rago: ɗari da goma sha tara. Ya cire sittin ɗin bango. Ya buga waya Kaduna yana haki.

"Yaya, kilo tara! Wallahi tara!"

Munzali ya ce, "Na san bakinka. A rubuce nake so, da sa hannun likitar, ta gidan waya."

Ya rubuta wasiƙa shafi biyu, ya ja Halimat ta zama shaida, suka ɗauki rago sai wajen Margret. Ta dubi haƙarƙarin rago. Ta dubi wuyan mutumin, wanda yanzu ya yi ninki biyu. Ta ce su koma sikeli.

"Ajiye rago. Hau kai kaɗai."

"Ai nawa sittin ne, Madam, yana rubuce a bango."

"Hau."

Saba'in da ɗaya.

Margret ta karɓi biro ta ƙara layi biyu a ƙasan wasiƙar: rago ya sauka da kilo biyu, ƙaninka ya hau da sha ɗaya. Ta sa hannu, ta buga hatimi, ta miƙa wa Halimat.

Har gidan waya yana bin matar da magiya, rago na biye da shi a igiya.

"Halimat, ki ji tsoron Allah. Mashin ne fa. Ki bari mu ƙara mako ɗaya."

Ta lashi kan sarki, ta manna, ta jefa wasiƙar cikin akwati. Ya leƙa ramin, ya gwada zura hannu, hannun ya ƙi shiga.

"Shi ke nan, kin kashe ni. Yanzu in Yaya ya zo da wuƙa ranar Sallah, me zan ce masa?"

Ta gyara mayafi.

"Kada ka ce komai, Malam. Kai dai ka kwanta ka dubi gabas."