Farzidan Illo da Gawon Dattawa

A duk faɗin Konni da Malbaza har Illela, babu masoyin itace kamar Farzidan Illo, shugaban jam'iyyar Inuwar Gobe. Shi ne ya kafa ta, shi ne sakatare, buro kuma, wato ofis, zauren gidansa ne. Mutane na kiransa Uban Ganye, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Tarihin jam'iyyar abin alfahari ne, wallahi. A zaɓen 2004 ta samu ƙuri'a sittin da uku. A 2011 ta samu ashirin da tara, Farzidan ya ce ai tankaɗe aka yi, tsaba ta rage. A 2020 ya rantse sai ya zama konsiye, wato kansila, a Dogarawa. Kujera ɗaya tak yake nema, bawan Allah, shekara goma sha shida.

Sai ya shirya babban miting a wani ƙauye mai ƙuri'u da yawa. Ya ɗauko hayar kamiyo, babbar motar kaya, ya ɗaura masa lasifika huɗu. Kamiyo ya zo shiga dandali, tsohon gawon da dattawa ke zama ƙarƙashinsa ya tare hanya. Mai gari Labo ya ce a tsaya waje a tako da ƙafa. Ina, Farzidan ba ya takawa. Ya sa a sare reshe ɗaya. Bai isa ba, aka ƙara. Kafin hantsi gawo ya kwanta, masu dafa shinkafar miting suka samu makamashi kyauta.

Ya hau kamiyo da koren rawani, wani na riƙe masa lema.

"Jama'a, wanda duk ya sare icce, uwatai ya sare! Ku duba takardar zaɓe, inda kunka ga gawo, nan za ku dangwala."

Dattawa na cikin rana suna sharce gumi.

Ranar ƙidaya, Inuwar Gobe ta tashi da ƙuri'a huɗu a ƙauyen. Kujera ta tafi. Farzidan ya ce maguɗi ne, ya aika wa mai gari cewa yana tafe ya ji ba'asi.

Labo ya ce madalla, a gaya masa ya zo da azahar. Da ya iso, dattawa suka shimfiɗa masa tabarma jikin kututturen gawon, su kuma suka jeru a inuwar katangar masallaci.

"Bismilla, Farzidan," in ji Labo. "Yi bayani a tsanake, yau ba mu da sauri."